Kwamfuta A Ɗakin Likita: Kafin A Ce Ma'aikata Sun Yi Taurin Kai

A watan Janairun 2003, hukumar asibitin Cedars-Sinai da ke birnin Los Angeles a Amurka ta dakatar da wata manhaja da ta laƙume dala miliyan 34. An gina ta ne domin likitoci su daina rubuta magani da umarnin gwaji da biro, su koma shigar da komai cikin kwamfuta. Wajen wata uku kawai ta yi tana aiki. Ɗaruruwan likitoci suka taru a wani zama mai zafi, suka ce atafau ba za su ci gaba da ita ba, hukumar asibiti kuwa ta ga babu mafita sai ta mayar da su kan takarda. Kokensu ba mai wuyar ganewa ba ne. Umarnin da a da likita zai rubuta cikin ƙiftawa da bismilla ya koma cin mintuna. In ya kuskure harafi ɗaya a sunan magani, na'urar ta ce ba ta san da shi ba. Ga kuma gargaɗi yana ta faɗowa a allo, mai dalili da marar dalili, kuma ba a wucewa gaba sai an ba shi amsa.

Duk lokacin da mai asibiti ya sayo kwamfutoci, ya biya kuɗin manhaja, sannan ma'aikata suka shiga jan ƙafa, bayanin da ake bayarwa a shirye yake: ba su waye ba ne, sun tsufa, suna tsoron fasaha, ko kuma lalaci ne tsagwaronsa. To, likitocin Cedars-Sinai ba ƙauyawa ba ne. Kullum suna aiki da na'urorin da suka fi waccan manhaja wuyar sha'ani nesa ba kusa ba, kuma wuta ba ta ɗaukewa a wurinsu. Duk da haka suka ƙi. Bayan wasu shekaru asibitin ya sake gwadawa da wata manhaja, da wani salon shigo da ita, ta kuma zauna. Ashe ba kwamfutar suka tsana ba.

A ganina, yawancin turjiyar da ma'aikatan lafiya ke yi wa adana bayanan marasa lafiya a kwamfuta rahoto ce suke miƙa wa shugabanni a kan yadda aikin yake a zahiri, rahoton da babu ɗan kwangilar da zai taɓa rubuta shi. Akwai kuma wata turjiyar da ba ta da tushe sai son zuciya, za mu zo kanta. Shugaban da ya haɗa su biyun ya yi musu hukunci ɗaya, kan mai uwa da wabi, zai yi asarar kuɗinsa, wani lokacin har da rayukan mutane.

Kada wani ya ɗauka takarda nake karewa. Duk wanda ya taɓa bin layin ɗakin kati ya san halinta. Fayil ya ɓace, a yi awa biyu ana nema, daga ƙarshe a buɗe wa mutum na wucin gadi, likita ya duba mai hawan jini da ya shekara biyar yana zuwa kamar yau ya fara ganinsa. Sakamakon gwaji ya zame daga fayil ɗin wani ya shige na wani. Mai ba da magani ya yi ta juya takarda yana son gane ko 5 likita ya rubuta ko 50. Gara ta ci nata, damina ta ci nata. A 1999 Cibiyar Nazarin Likitanci ta Amurka ta fitar da rahoton da ya girgiza ƙasar, wanda ya ƙiyasta cewa mutum 44,000 zuwa 98,000 ke mutuwa duk shekara a asibitocinsu sakamakon kura-kuran da za a iya kauce musu. Shekara guda kafin nan, binciken David Bates da abokan aikinsa a wani asibiti a Boston ya nuna cewa rubuta magani ta kwamfuta ya rage munanan kura-kuran magani da fiye da rabi. Amfani kam akwai shi. Abin tambaya shi ne, wa ke ɗaukar wahalar samar da shi, wa kuma ke cin moriyarsa?

Amurka ta nemi tsallake wannan tambaya da kuɗi. A 2008 wani bincike ya gano kashi 4 cikin 100 ne kawai na likitocinta ke da cikakken tsarin adana bayanai a kwamfuta, wasu kashi 13 kuma suna da ɗan ƙwarya-ƙwarya. A watan Fabrairun 2009 Shugaba Barack Obama ya sa hannu kan dokar HITECH, wadda ta tanadi ladan da ya kai dala 44,000 ga likitan da ke duba masu inshorar tsofaffi ta gwamnati, ko dala 63,750 ga mai duba masu inshorar marasa ƙarfi, muddin ya koma kwamfuta kuma ya cika sharuɗɗan da aka gindaya. Wanda ya ƙi, daga 2015 aka fara zaftare masa wani kaso na kuɗin da gwamnati ke biyansa. Sama da dala biliyan 30 aka raba. Zuwa 2021, kusan tara cikin kowane likita goma masu ɗakin duba marasa lafiya sun koma kwamfuta. A lissafin gwamnati an ci nasara. Sai dai turjiyar ba ta mutu ba, ciki ta shige, ta koma gunaguni da gajiya da ajiye aiki.

Ƙaramin asibiti mai likita uku ko biyar ne ya fi nuna inda gizo ke saƙa, domin a can babu sashen kwamfuta, babu rarar ma'aikata. Wani bincike da aka buga a 2011 kan ƙananan asibitoci 26 a arewacin jihar Teksas ya ƙiyasta cewa wurin da ke da likita biyar zai kashe kimanin dala 162,000 wajen kafa tsarin, da dala 85,500 na kula da shi a shekarar farko. Ban da wannan, kowane likita tare da ma'aikatan da ke aiki da shi sun buƙaci awa 134 na koyo da shiri kafin a fara. Daga ina za a yanko waɗannan awowi? Ko daga lokacin ganin marasa lafiya, ko daga lokacin iyali.

Riba fa? Idan kwamfuta ta hana a maimaita gwajin da aka riga aka yi, kamfanin inshora ne ya samu sauƙi. Idan ta tara alƙaluma, ma'aikatar lafiya da masu bincike ne suka samu abin aiki. Idan ta sa kowace allura da kowace ƙwaya ta shiga rasit, mai asibiti ne ya ga ƙari a asusu. Wadda ke zaune tana latsa maɓallai kuwa, albashinta na nan yadda yake, lokacin tashinta ne kawai ya ƙara nisa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Tun a 1988 wani masanin kwamfuta, Jonathan Grudin, ya lissafa wannan cikin manyan dalilan da ke kashe manhajojin da jama'a ke aiki da su tare: wanda aka ɗora wa ƙarin aikin shigar da bayani daban, wanda ke amfana daban. Kan ofisoshi ya yi nazarinsa, amma maganarsa ta zauna daram a asibiti.

An kuma auna ƙarin aikin. A wani bincike da aka buga a 2016, Christine Sinsky da abokan aikinta sun bi likitoci 57 a jihohi huɗu na Amurka suna ƙirga musu lokaci. Suka tarar kashi 27 cikin 100 na ranar aiki ne likita ke yi gaba da gaba da mara lafiya, kusan rabin ranar kuwa a kan kwamfuta da aikin tebur take tafiya. Wato duk awa ɗaya da majinyaci, akwai kusan awa biyu na allo da takardu, ban da awa ɗaya zuwa biyu da ake ƙarasawa a gida da dare. Kuma babban kaso na wannan rubutu ba don warkar da kowa ake yin sa ba. An kwatanta bayanan da likitocin Amurka ke rubutawa da na takwarorinsu a wasu ƙasashe masu amfani da manhajar kamfani ɗaya, Epic, aka ga na Amurka sun ninka tsawo kusan sau huɗu. Ciwo ɗaya, manhaja ɗaya. Bambancin shi ne a Amurka bayanin likita shi ne takardar neman kuɗi daga inshora, shi ne kuma garkuwa a kotu. A zamanin takarda, ofishin da ke son ƙarin bayani sai ya buga sabon fom, ya raba, ya bi sawu, wahalar da ke sa shi ya yi tunani tukuna. A kwamfuta gurbi ɗaya zai ƙara, ya sa masa jar alama, shi ke nan, ba ka rufe shafin sai ka cike. Kowa na ƙara nasa, babu mai cire na wani.

Haka batun gargaɗi yake. Wani nazari na 2006 da ya tattara bincike da dama ya nuna ana tsallake tsakanin kashi 49 zuwa 96 cikin 100 na gargaɗin magani da kwamfuta ke fitarwa. In an gargaɗe ka sau ɗari a yini, casa'in da tara ba su shafi majinyacin da ke gabanka ba, hannunka zai koyi rufe su tun ido bai karanta ba, har da na ɗarin da zai ceci rai. Wani lokacin ma zargin ya wuce na ɓata lokaci. Kamfanin Practice Fusion, wanda ya yi suna da bai wa ƙananan asibitoci manhaja kyauta, ya amince a watan Janairun 2020 zai biya dala miliyan 145, bayan ya amsa cewa ya karɓi kuɗi daga wani kamfanin magunguna domin ya dasa gargaɗin da ke ingiza likitoci su rubuta magungunan kashe raɗaɗi masu kama jiki. Likitan da ya riƙa kallon wannan gargaɗi a karkace shi ne ya yi daidai.

Mafi nauyin hujja ita ce ta asibitin yara na Pittsburgh. A watan Oktoban 2002 aka shigo da tsarin rubuta magani ta kwamfuta a faɗin asibitin cikin kwana shida. A 2005 wasu likitocin wurin suka buga abin da suka gani tsakanin yaran da ake kawowa daga wasu asibitoci cikin mawuyacin hali: mace-mace sun tashi daga kashi 2.8 cikin 100 zuwa kusan 6.6. An yi ta muhawara a kan binciken, domin watannin da aka auna bayan sauyin kaɗan ne, kuma an canza abubuwa da dama a lokaci guda. Amma bayanin da suka yi na yadda aiki ya rikice shi ne abin karantawa. A da, tun yaro na kan hanya ake rubuta magungunansa a tanada. Sabon tsari ya hana a rubuta komai sai yaron ya iso an yi masa rajista. An kwashe magungunan gaggawa daga kusa da gadaje an mayar babban ɗakin magani. Likita da nas da a da suke tsaye bakin gado ɗaya suna magana, yanzu ɗayansu na gaban kwamfuta. Duk abubuwa ne da nas ɗin sashen za ta iya hangowa da an tambaye ta. Asibitin yara na Seattle ya sayi manhajarsa daga kamfani ɗaya, amma sai da ma'aikatansa suka je Pittsburgh suka ga inda aka yi tuntuɓe, suka tanadi jerin umarnin gaggawa tun kafin a fara. Binciken da suka buga a 2006 bai nuna ƙaruwar mace-mace ba.

A Kanada kuma, Liette Lapointe da Suzanne Rivard sun bi diddigin shigo da irin wannan tsari a asibitoci uku. A ko'ina da ƙananan koke aka fara: yana jinkiri, ya ƙara mana aiki. Inda shugabanni suka yi kunnen uwar shegu ko suka mayar da martani da zafi, koken ya tashi daga kan manhaja ya koma kan shugabannin kansu, likitoci suka haɗe kai, daga ƙarshe aka cire tsarin a asibitoci biyu. Inda aka saurara aka gyara, ya ɗore.

Wannan dogon zagaye ya shafe mu ne saboda abin da Amurka ta shiga a 2009 shi muke shiga yanzu. Ma'aikatar lafiya ta tarayyar Najeriya ta ƙaddamar da shirin mayar da harkokin lafiya kan fasahar zamani a 2024. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora a kan kowa, ma'ana takardun neman kuɗi za su ƙaru. Masu tallar manhaja kuwa suna ta zarya a ƙofar ƙananan asibitocin kuɗi a Kano da Kaduna da Abuja. Babu mai bai wa likitanmu dala 44,000, kuma waɗanda tsarin zai rayu ko ya mutu a hannunsu ba masu murya ba ne: mai yankan kati, nas, kashiya, mai ba da magani. Su ba sa kiran taro su kaɗa ƙuri'a. Tasu turjiyar a shiru ake yin ta.

Dubi mai kula da ɗakin kati da ya shekara ashirin a wurin. Darajarsa a cikin kansa take. Ya san fayil ɗin wane yana can saman kanta ta uku, ya san matan nan biyu masu suna ɗaya wacce ce ta wace unguwa, ya san wanda likita ya ce a shigo da shi ba layi. Ranar da aka kunna kwamfuta, duk wannan sani ya tashi aiki, yarinyar da aka ɗauka kwanan nan, mai saurin yatsu, ita ake ta kira. Ba wanda ya zaunar da shi ya faɗa masa aikinsa na nan ko ba ya nan. An dai tara su an ce za a rage wahala, shi kuwa ya san abin da hakan ke nufi a bakin mai biyan albashi. In jikinsa ya yi sanyi, lissafi ya yi, kuma lissafinsa ba na banza ba ne.

Ko kuma babbar nas da ta karɓi haihuwar rabin unguwa, wadda ƙananan ma'aikata ke russuna wa suna "Sista, ina kwana". Yau ita ce zaune tana neman harafi da yatsa ɗaya, layi ya miƙe har waje, wani ɗan bautar ƙasa na tsaye a kanta yana cewa, "A'a Mama, ba nan ba, can za ki danna." Ba za ta taɓa cewa kunya take ji ba. Cewa za ta yi na'urar ba ta da kyau. Bitar kwana biyu da aka yi a ɗaki ɗaya, manya da yara a cakuɗe, mai koyarwa na gudu kamar ana korarsa, abin da ta fito da shi daga ciki shi ne tambaya a gaban yara zubar da girma ne. Wannan matsala ce da awa ɗaya a keɓe, kullum na mako biyu, za ta magance, amma ba a saka irin wannan a takardar kwangila.

Sai batun sa ido. Takarda ba ta tona ƙarfe nawa aka yi rubutu. Kwamfuta kuwa tana ajiye sunan wanda ya shiga da mintin da ya shiga. Alheri ne ga majinyaci, babu shakka. Amma a wurin da nas ɗaya ke riƙe da ɗaki guda cike da gadaje da dare, jinkirin allura ba laifinta ba ne, kuma ta san ranar da abu ya ɓaci sunanta ne zai fito a allo, na wanda ya ƙi ɗaukar ma'aikata ba zai fito ba. Shi ya sa za ka tarar da kalmar sirri ɗaya manne a jikin kwamfuta, kowa da ita yake shiga. Daga nan kuma sirri ya tashi. Fayil ɗin takarda sai ka tashi ka je ka ɗauko, wani ya gan ka. A kwamfutar da kowa ke shiga da suna ɗaya, ana iya leƙa sakamakon gwajin maƙwabciya ko na kishiyar 'yar'uwa ba tare da an san wanda ya leƙa ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 da Dokar Kare Bayanai ta 2023 duk sun haramta wannan, amma nas ɗin da ita ma a asibitin ake duba ta tana da dalilin ɗari-ɗari.

Ga kuma abin da likitocin Amurka ba su sha ba. A ƙarshen watan Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa suka kwashe sama da mako guda babu wutar lantarki. A daidai wannan lokaci aka yanke wa asibitin koyarwa na Ibadan wuta saboda bashi, ya yi sama da kwana 100 a haka. Ma'aikacin da ya ce "in wuta ta ɗauke fa?" ba gardama yake nema ba. Shi ne zai kalli dattijon da ya fito tun asuba ya ce masa, "Baba, ka yi haƙuri, babu netwok," shi ne kuma zai sha zagin. Saboda ba a amince da wuta ba, sai a ce a ci gaba da takarda a gefe, ga kuma rajistocin da ake tattara rahoton wata-wata daga cikinsu don tura wa hukuma. Aiki ɗaya ya zama uku. A ɗora wannan a kan ƙarancin likitoci: ministan lafiya Muhammad Ali Pate da kansa ya ce kimanin 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekaru. Likitan da mutum 60 ke jira, in manhaja ta ƙara masa minti 3 a kan kowanne, awa 3 ke nan cif. A sassan kula da masu ɗauke da cutar ƙanjamau, inda aka fi daɗewa da kwamfuta a ƙasar nan, dabarar da aka fi bi ita ce a ɗauki ma'aikata na musamman su riƙa kwafe abin da likita ya rubuta a takarda zuwa manhaja. Rahoto ya samu, masu ba da tallafi sun gamsu, amma sau da yawa likitan bai ko kalli allon ba a lokacin da majinyaci ke gabansa.

Yanzu ga ɗaya turjiyar, wadda ba za a yi mata kara ba. Akwai masu ci da ruɗanin takarda. Kuɗin kati da ba ya shiga rasit. Fayil da ba ya fitowa sai an ba da na goro. Maganin da littafi ya ce ya ƙare, alhali ya sulale zuwa kemis ɗin tsallaken titi. Gwajin da ake yi da kayan asibiti, kuɗin ya faɗa aljihu. Manhajar da ta haɗa ɗakin kati da kashiya da ɗakin magani da ɗakin gwaji tana toshe waɗannan kafofi a rana ɗaya, kuma mai cin wannan abinci ba zai fito ya ce an taɓa masa tuwo ba. Fakewa zai yi da koken masu gaskiya: tana jinkiri, sabis ya ɗauke, firinta ta lalace.

Ta yaya ake bambance su? Mai koken gaskiya yana da takamaiman bayani. Zai nuna maka shafi kaza, ya ce sau biyu ake tambayarsa abu ɗaya, in aka gyara ya yi shiru ya ci gaba da aikinsa. Na biyun kokensa ba ya ƙarewa, yana dai sauya kama, kuma matsalar tana taruwa ne daidai wuraren da kuɗi ko kaya ke wucewa. Sai dai ba za ka gane shi ba sai ka fara kawar da koken gaskiya, domin a cikinsa yake ɓuya. Mai asibitin da ya fara da zargi, ya tara kowa ya ce wanda ba zai iya ba ga hanya nan, ya tura masu gaskiya da marasa gaskiya cikin sahu ɗaya da hannunsa. Shi ma kuma ya duba nasa: wanda ma'aikata ke bi albashin wata uku, sannan ya sayo manhajar kama ɓarayi yana ce musu don lafiyar majinyata ce, ya san sun fi shi sanin dalilin sayenta. Gara ya faɗi gaskiya, ya biya bashin, sannan ya toshe kafofin.

Hanyar da ta yi aiki ba a ɓoye take ba, kuma ba sai ƙasa mai arziki ba. A Malawi, tun daga 2001, Gerry Douglas da ƙungiyar Baobab suka fara gina tsarinsu a babban asibitin Lilongwe bisa halin da suka tarar: ma'aikata ba su saba buga rubutu ba, sai aka yi allon da ake taɓawa da yatsa, tambaya ɗaya a kowane shafi; wuta ba ta da tabbas, sai aka zaɓi na'urori marasa cin wuta masu aiki da batir; majinyaci na yawo da ɗan littafinsa na asibiti, sai aka riƙa buga 'yar takarda mai lamba ana manna masa a ciki. An lanƙwasa na'ura ta bi aiki. A ɗaya gefen duniya, wani rukunin asibitoci a Hawai ya fara wani shiri a 2017 ƙarƙashin Dakta Melinda Ashton, inda aka roƙi likitoci da nas-nas su kawo duk wani gurbi a manhaja da suke ganin aikin banza ne. Koke ya yi ta shigowa, aka cire abubuwa da dama, wasu ma aka gano tun farko ba a yi nufin a riƙa cike su haka ba.

Kirana ga mai asibitin da ke shirin sa hannu a kwangila shi ne, ya fara da wuta: sola da batir da za su riƙe kwamfutocin, da manhajar da ke aiki ko babu intanet. Ya faɗa wa kowane ma'aikaci ƙarara abin da zai zama aikinsa bayan sauyin. Ya rage yawan waɗanda ake gani a makonnin farko, ya sa wannan asara cikin kuɗin sayen manhajar tun yanzu. Kowa ya samu kalmar sirrinsa, a kuma yi alkawarin cewa ba za a mayar da kuskuren koyo dalilin kora ba. Sannan kafin a biya, ɗan kwangilar ya zo ranar Litinin da safe, lokacin da layi ya fi tsawo, ya zauna kusa da mai yankan kati da babbar nas da kashiya, a auna da agogo minti nawa mutum ɗaya ke ci a takarda, nawa yake ci a manhajarsa, duk gurbin da suka ce ba shi da amfani ya kawo hujjarsa ko ya cire shi. In ya ƙi wannan sharaɗi, kada a ba shi ko kwabo.